Baffa da Fitilarsa: Kundin Aikin Rubutu

4 ga Fabrairu

Na buɗe kundin nan ne don in daina yaudarar kaina game da inda aikin ya tsaya. Wata huɗu ke nan duk wanda ya tambaye ni sai in ce ya kusa, alhali abin da ke hannuna shafi 31 ne, rabinsu ma na san ba za su kai labari ba.

Labarin ɗaya ne, amma sau biyu zan rubuta shi: wasan dandamali mai kashi biyu, sai gajeren fim da ba zai wuce minti 40 ba. Wani dattijo ne, a takarda Baffa kawai nake kiransa. 'Yar ƙanensa ta zo ta same shi bayan rasuwar mahaifinta, tana so ta ji abin da ya sa mahaifin nata ya bar gida shekara 40 da suka wuce bai ƙara waiwayowa ba. Baffa ya ce mata wani dare ne kuɗi suka ɓace daga akwatin mahaifinsu, shi kuma da idonsa ya ga ƙanen nasa tsaye a kan akwatin da fitila a hannu. Gaskiyar maganar kuwa, Baffa ne ya ɗauki kuɗin, ya bar ƙanensa da abin kunyar.

Abin da ya rage mini shi ne yadda zan sa mutane su zauna su saurari wannan mutum, su so shi, su yarda da shi, sannan ƙasa ta riƙa zamewa a ƙarƙashinsu a hankali ba tare da sun ji ni na cuce su ba.

11 ga Fabrairu

Yau na gane abin da ya kashe daftarin farko. Ina rubuta shi ne da kan marubucin littafi.

A littafi, mai ba da labari shi ne taga ɗaya tilo. Abin da ya ce ka gani shi za ka gani, in ya rufe labule sai duhu. Wani manazarcin adabi ɗan Amurka, Wayne Booth, shi ya raɗa wa irin wannan mai labarin da ba a sakin jiki da shi suna a 1961, kuma littattafan ƙagaggun labarai yake nazari. A can aikin yana da sauƙi ta wata fuska, domin mai karatu ba shi da wani ido sai aron na mai labarin.

A dandamali da allon fim kuwa ɗan kallo ya zo da nasa idon. Gani ya kori ji. Na rubuta Baffa yana cewa "na gan shi a kan akwatin", sai haske ya tashi a ɗaya ɓangaren dandamalin, ga Ƙane tsaye a kan akwati da fitila. Daga wannan lokacin maganar ta tashi daga ta Baffa ta zama tawa, domin ni na nuna musu. In na dawo a kashi na biyu na ce ba haka aka yi ba, ba Baffa za su kira maƙaryaci ba, ni za su kira.

Ba ni na fara faɗawa wannan ramin ba. Alfred Hitchcock ya buɗe fim ɗinsa Stage Fright na 1950 da waiwaye: wani mutum yana ba da labarin yadda kisa ya auku, kyamara tana nuna abin kamar yadda ya faɗa, sai a ƙarshe ta bayyana ƙarya ya shirga. Daga baya, a hirarsa da daraktan fim ɗan Faransa, François Truffaut, shi kansa ya amsa cewa bai kamata ya yi hakan ba. Akwai masu ganin ya yi wa kansa tsauri, ni ma wani lokaci ina ganin haka. Amma abin da ya ɓata wa mutane rai a fili yake: sun yarda mutum zai iya yi musu ƙarya da baki, ba su yarda kyamara za ta taya shi ba.

19 ga Fabrairu

Na zubar da shafi 18. Saura 13. Ban rubuta ko layi ɗaya sabo ba.

27 ga Fabrairu

Kwana uku ina kan tambaya ɗaya: wace irin ƙarya Baffa yake yi? Akwai wanda ya san gaskiya sarai yana ɓoye ta. Akwai wanda ƙwaƙwalwarsa ce ta gaza, ba laifinsa ba ne. Akwai kuma wanda ya maimaita labari har labarin ya cinye abin da ya faru, ya zauna a gurbinsa. Na farkon ya fi sauƙin rubutawa, amma ba shi da zurfi, da zarar an kama shi wasa ya ƙare, ramin ƙarya ƙurarre ne. Na biyun tausayi kawai yake jawowa, ni kuma ina so a tausaya wa Baffa a kuma ji haushinsa a lokaci guda.

Na koma na sake kallon Rashomon na Akira Kurosawa, shi ma na 1950, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Venice a 1951. Kowa ya san mutum huɗu ne suka ba da labarin mutuwa ɗaya ta hanya huɗu: ɗan fashi, matar mamacin, mamacin kansa ta bakin mai shiga tsakani da matattu, sai mai saran itace. Abin da ban lura da shi da kyau ba sai wannan karon shi ne ukun farko ba neman kuɓuta suke yi ba. Kowannensu ma jingina mutuwar yake yi a kansa. Ɗan fashin ya gwammace a ce ya kashe mutum a fafatawa ta jarumta, mamacin ya gwammace a ce shi ya kashe kansa. Abin da suke karewa shi ne yadda suke so a gan su.

Nan na samu Baffa. Babu wanda zai hukunta shi bayan shekara 40, mahaifin ya rasu, ƙanen ya rasu. Abin da yake karewa shi ne mutumin da ya zama: ɗa nagari wanda ya tsaya ya riƙe gida lokacin da ɓataccen ya gudu. A kan wannan daren ya gina dukan mutuncinsa. Saboda haka cikin ire-iren ƙaryar can uku, na uku na zaɓa, tare da ɗan tsagi: da rana ya yarda da labarinsa ɗari bisa ɗari, amma akwai wani lungu a cikinsa da bai taɓa mantawa ba, kuma duk sanda labarin ya matso kusa da lungun sai ya hau surutu.

Wani abu kuma da fim ɗin ya tuna mini: tun daga farko an nuna mana mutane suna ba da shaida, kuma da shaida ta biyu ta saɓa wa ta farko mun san cewa hoton da muke gani bakin mai magana yake bi. Don haka babu wanda ya ji an yaudare shi.

9 ga Maris

Mako mai albarka. Shafi 44 yanzu, kuma kashi na farko ya tsaya da ƙafarsa.

Dabarar da na kama ita ce in sanar da 'yan kallo dokar wasan tun a minti biyar na farko. Tennessee Williams ya yi haka a wasansa na dandamali The Glass Menagerie na 1944, inda mai ba da labarin ya fito ya gaya wa mutane ƙarara cewa abin da za su gani tunani ne na abin da ya wuce, ba hoton zahiri ba. Ni ban so Baffa ya yi wa 'yan kallo jawabi, da 'yar ƙanensa yake magana. Sai na nemi hanyar da dandamalin zai faɗi dokar da kansa.

Ga yadda ta kasance. Baffa ya fara: "A daren nan ina kwance a bakin ƙofa." Haske ya tashi, ga saurayi kwance a bakin ƙofa. Sai ya ce, "A'a, ba haka ba ne, a jikin bango nake." Saurayin ya tashi, ya naɗe shimfiɗarsa, ya koma jikin bango ya kwanta. Za a yi dariya a nan, kuma ina son dariyar. Amma da ita kowa ya fahimci cewa mutanen da ke cikin hasken can bayin bakin Baffa ne, inda ya ce su tsaya nan suke tsayawa. Daga nan duk abin da suka yi, shi ya ce, ba ni ba.

Na ƙara doka ta biyu: Ƙane ba ya furta kalmar da Baffa bai riga ya sa masa a baki ba. Baffa zai ce, "Sai ya ce da ni, Yaya, ka rufa mini asiri," sannan Ƙane ya maimaita. Haka za a tafi har kusan ƙarshen kashi na biyu, inda Ƙane zai buɗe baki ya faɗi jimla ɗaya da ba a ba shi ba. Ban rubuta jimlar ba tukuna, amma na san wurinta.

Sai fitila. Baffa yana ba da labarin daren sau uku, domin yarinyar tana dawo da shi baya da tambayoyi. A na farko fitilar tana hannun Ƙane. A na biyu tana ƙasa kusa da akwatin, ba a ce ga wanda ya ajiye ta ba. A na uku, cikin zafin magana, Baffa ya ce "da na ɗaga fitilar", bai ma ji abin da ya fito daga bakinsa ba, saurayin da ke taka shi a ƙuruciya kuwa ya sunkuya ya ɗaga ta. Akwai kuma tabon ƙuna a bayan hannun damansa wanda ya ba da dalilinsa tun a fitowa ta biyu, dalilin da ba shi da alaƙa da gilashin fitila.

21 ga Maris

Mun yi karatun farko a zaune, 'yan wasa biyar da darakta, sai mutum bakwai da na gayyato waɗanda ba su san labarin ba. Bayan kashi na farko na raba musu takarda, tambaya ɗaya: wa ya ɗauki kuɗin? Shida suka rubuta Baffa. Ɗayar da ta rubuta Ƙane ta ce ita ma don ta ga kamar amsar ta yi sauƙi ne ta kauce.

Jikina ya yi sanyi. Na so a ce a wannan gaɓar mutum ɗaya ko biyu ne kawai suka fara shakka.

Dattijon da ke karanta Baffa shi ya nuna mini inda ɓarakar take. Ya ajiye tabaransa ya ce, "Ɗana, zo ka ga wani abu." Ya buɗe shafi na 7, ya sa yatsa a kan bayanin da na rubuta a gefen maganar Baffa: yana kawar da kai. Shafi na 9: yana gyaran murya. Shafi na 15: ya kasa haɗa ido da ita. Ya ce, "Kai ka ce in yi, na yi. To wane ne zai ga mutum yana wannan kame-kamen bai gane ba? Mai kaza a aljihu ka rubuta mini. Wanda ya shekara 40 yana ba da labari ɗaya ba ya kawar da kai, cikin idonka zai kalla, har ya yi hawaye."

Na ce, "Baba, to ta ina za a gane?"

Ya ce, "Ta inda ya fi ƙwarewa. Ka bar ni in faɗe shi sumul, kamar karatun da aka haddace. Inda babu gargada ko ɗaya, nan mai hankali zai tsaya."

Da na dawo na ƙirga irin waɗannan bayanai, 23 ne. Na goge 21. Tsoro ne ya sa na rubuta su, tsoron kada a ce ban ba da alama ba. Ga shi alamun sun taru sun yi ihu.

2 ga Afrilu

Na bar wasan dandamalin ya huce, na shiga na fim. Na ɗauka kwashewa kawai zan yi in zuba a sabon tsari. Ashe kusan babu abin da zai ƙetare.

Dabarar saurayin da ke tashi ya sauya wurin kwanciya ba ta aiki a fim, ko in ce tana mayar da shi fim ɗin barkwanci. Ɗan kallon dandamali ya riga ya yarda kujera biyu da haske ɗaki ne, don haka in ɗakin ya motsa ba ya jin komai. Hoton kyamara kuwa kamar shaida ake ɗaukarsa. Akwai waɗanda suka karya wannan suka ci nasara. Florian Zeller ya rubuta wasansa na dandamali game da tsohon da ƙwaƙwalwarsa ke gushewa a 2012, ya mayar da shi fim mai suna The Father a 2020, inda kayan ɗaki ke sauyawa, har fuskar 'yar tsohon ta koma ta wata mata. Amma can rikicewar ita ce labarin, ana so ka ɗanɗani abin da tsohon ke ji. Baffa ba rikicewa ya yi ba, tsaf yake.

Shawarar da na yanke: a fim ɗin hoto ba zai yi ƙarya ba ko sau ɗaya, sai dai ya yi rowa. Kyamara tana da abin da dandamali ba shi da shi, wato gefe. Tana iya nuna hannu ta hana ka fuska. Don haka a waiwayen farko za a ga fitila tana tafe cikin duhu, a ga hannu ya ɗaga murfin akwati, a ga inuwa a bango, muryar Baffa daga bayan fage tana cewa ƙanensa ne. Ɗan kallo da kansa zai ɗinka muryar da hoton. A waiwaye na biyu kyamara ta ɗan ja baya, a ga akwai mutum kwance a jikin bango ya juya baya. A na uku ta ƙara ja, a ga fuskar na kwancen. Hoto ɗaya ne tun farko, faɗinsa kawai ke ƙaruwa. Wanda ya sake kallo daga farko ba zai sami inda na nuna masa abin da bai faru ba.

Tabon hannun kuma ya juye mini. A dandamali matsalarsa ita ce na layin baya ba zai gan shi ba, dole yarinyar ta ambace shi da baki. A fim kuwa in kyamara ta matso kansa na daƙiƙa biyu, an gama, kowa ya san zai yi amfani. Na bar shi ya riƙa wucewa a gefen hoto, Baffa yana nuni ko yana gyara zama, ba a taɓa tsayawa a kansa ba sai lokacin da gilashin fitilar ya taɓa hannun a waiwayen ƙarshe.

A ƙa'idar da aka saba, shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo. Ina shafi na 26, kuma ban kai rabin labarin ba. Akwai yanka a gaba.

15 ga Afrilu

Darakta ta kama ni da ƙarya. A shafi na 12 na rubuta a bayanin fitowa: Ƙane ya ɗaga murfin akwatin. Ta kira ni ta ce, "Malam, wannan layin wa ke magana, kai ko Baffa?" Ni ne. Bayanin fitowa muryar marubuci ce, da ita mai ɗaukar hoto da 'yan wasa za su yi aiki, in na yi ƙarya a nan su na yi wa. Na mayar da shi: hannu ya ɗaga murfin akwatin, ba a ganin mai shi. Na bi sauran shafukan na sami irinsa guda huɗu.

28 ga Afrilu

Rigimar ƙarshen labari. Mun shafe awa biyu da darakta ba mu daidaita ba.

A daftarin da na ba ta, yarinyar ta fito da wasiƙar da mahaifinta ya bari, ta karanta, Baffa ya durƙushe ya amsa laifi. Ita tana son wannan, ta ce mutane sun zauna awa ɗaya da rabi, haƙƙinsu ne su ji ya faɗa da bakinsa. Ni kuma tun da na rubuta fitowar nake jin ƙyamarta. Wasiƙa daga kabari hanya ce ta rago. Na shafe wasa guda ina koya wa mutane kada su yarda da magana don kawai an faɗe ta, sai kuma in kawo takarda in ce wannan kam ku yarda? Me ya sa mamacin zai fi Baffa gaskiya? Shi ma yana da mutuncin da yake so 'yarsa ta tuna shi da shi.

Abin da nake so in gwada: babu wasiƙa. Yarinyar ta zo ne da abin da mahaifinta ya sha gaya mata tun tana ƙarama, cewa ya farka a wani dare ya ga haske, ya rufe ido ya yi kamar yana barci don kada ya kunyata wansa. Ba ta faɗi wannan ba sai a ƙarshe, kuma ba da zargi ba. Ke nan tun shigowarta ta san amsa, tambayoyinta duk tarko ne, ita ma ba ta gaya wa Baffa gaskiyar abin da ya kawo ta ba. In maye ya manta, uwar ɗa ba ta manta ba. Wannan ya ba mai taka yarinyar abin yi a kashi na farko, inda a da zama kawai take tana gyaɗa kai.

Kuma ga jimlar Ƙane da nake nema tun watan Maris, wadda ba Baffa ne ya sa masa a baki ba. Yana kwance a jikin bango, bai juyo ba, ya ce: "Yaya, rage fitilar, za ka tashi Baba."

Darakta ta yi shiru da na karanta mata, sannan ta ce har yanzu tana son ya amsa. Mun tsaya a kan za a gwada duka biyun a gaban mutane.

10 ga Mayu

Karatu na biyu, sababbin mutum tara. Bayan kashi na farko: biyu suka ce Baffa, biyar suka ce Ƙane, biyu suka ce ba su yanke ba. Abin da nake nema ke nan. Ɗaya daga cikin biyun da suka gano ta ce ba fitilar ce ta tona shi ba, launin ƙyallen da ke cikin akwatin ne. Baffa ya ce ja ne, alhali a faɗarsa yana kwance a jikin bango. Ban sa wannan da gangan ba, ado kawai na yi wa jimlar. Zan bar shi.

Mun karanta ƙarshen iri biyu. Shida sun zaɓi wanda babu amsa laifi, uku sun bi darakta. Amma cikin shidan, biyu sun fita suna ganin wataƙila yarinyar ce ta ƙaga maganar mahaifinta don ta rama, wanda ba shi nake nufi ba. Dattijonmu ya ce a bar masa shiru na daƙiƙa goma bayan jimlar Ƙane, ya kalli bayan hannunsa, labarin zuciya a tambayi fuska. A dandamali zan ba shi. A fim ina tsoron kallon hannun zai yi yawa tunda kyamara ta riga ta nuna ƙunar.

Inda aka tsaya: wasan dandamali shafi 71, saura gyaran fitowa ta ƙarshe da rage surutun Baffa a tsakiyar kashi na biyu. Fim shafi 52, dole ya sauko 40, kuma waiwaye na biyu ne nake ganin zai tafi, in har na uku zai iya ɗaukar nauyin su biyun. Ranar 24 za mu tashi daga kan kujeru mu fara gwaji a tsaye, da fitila ta gaske, don in ga ko na layin baya zai lura da wanda ya ɗaga ta.